Shalkwafta: Abin da hatsarin Jos na 2012 ya tona, da yadda ya shafe mu a Kudu

Duk ranar da aka ce jirgi mai saukar ungulu ya faɗi, amsa biyu ce ake ji a majalisunmu, daga Agege zuwa Sabon Ibadan har Ama Hausa ta Owerri. Wasu su ce kwana ne ya ƙare, su shafa fatiha. Wasu kuma su rage murya su ce ai harbo shi aka yi, akwai wanda ake so a kawar. Haka aka yi ranar 6 ga Agustan 2025, da jirgin sojin Ghana ya faɗi a hanyarsa daga Accra zuwa Obuasi, mutum 8 suka rasu, ciki har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed. Kafin a gama kwashe gawarwaki, saƙonnin murya sun cika WhatsApp, kowa da nasa mai laifin.

Ba na jayayya da kwana ya ƙare, Musulmi ne ni. Amma ajali yana zuwa da sanadi, kuma sanadin nan akwai mutanen da gwamnati ke biya albashi don su gano shi su rubuta. Suna rubutawa ɗin ma. Matsalar ita ce da Turanci mai tsauri suke fitar da shi, bayan shekaru, lokacin da kowa ya manta. Shi ya sa na ga ya dace in ɗauko wanda ya faru a garinmu Jos, mu bi shi a hankali.

Ranar Lahadi 11 ga Maris 2012 ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a mota a ƙofar cocin St. Finbarr da ke Rayfield. Ga wanda bai san Jos ba, Rayfield ba unguwar talaka ba ce. Can gidan gwamnati yake, can tsohon filin wasan golf na zamanin Turawan kuza yake, ga manyan tafkunan da haƙar kuza ta bari. Idan bam ya tashi a Rayfield, to ba inda ya tsira. Mako biyu kafin nan an kai irin wannan hari hedikwatar cocin COCIN a tsakiyar gari. Mutane sun mutu a Rayfield, aka kuma bi da ramuwar gayya a wasu unguwanni, aka kashe waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Cikin wannan hali DIG Haruna John, mataimakin Sufeto Janar mai kula da ayyukan rundunar 'yan sanda, ya zo Jos kan sha'anin tsaro a jirgin rundunar, ƙirar Bell 427. A filin ƙwallon gidan yarin Jos jirgin ya sauka ya kwana. Ranar Laraba 14 ga Maris, kwana uku kacal bayan bam ɗin Rayfield, jirgin ya faɗo cikin gidajen mutane a Kabong. DIG ɗin ya rasu, tare da matuƙin jirgin, da mataimakinsa, da dogarin DIG. Mutum huɗu.

Ka auna da kanka. Gari na ci da wuta, kowane ɓangare na zargin ɗaya, sai ga babban ɗan sandan da ya zo daga Abuja ya faɗo daga sama a cikin unguwa. Ko yaro aka tambaya zai ƙirƙiro labari.

Sai a 2017, shekara biyar bayan nan, hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta AIB, wadda yanzu ta koma NSIB, ta fitar da rahotonta. Ta ce ba ta iya yanke takamaiman abin da ya kayar da jirgin ba. Amma ta jero abubuwan da ta tarar. Takardar shaidar lafiyar matuƙin ta daina aiki kafin ranar. Wa'adin horon da ya kamata ya sabunta a na'urar kwaikwayon tuƙi ya wuce. Mataimakinsa ba shi da shaidar ƙwarewa a kan wannan samfurin jirgi. Injiniyan da ya sa hannu cewa jirgin ya cancanci tashi, shi ma ba a horar da shi a kan Bell 427 ba.

A yi adalci a nan. Takarda ta ƙare ba shi ke nuna ita ta kayar da jirgi ba, rahoton ma bai ce haka ba. Mutum na iya tuƙa mota shekara talatin lafiya lau da lasisin da ya mutu. Kuma waɗannan bayin Allah sun riga mu gidan gaskiya, ba su da bakin kare kansu. Abin da ya dame ni shi ne, mutum uku ne ke tsakanin jirgin nan da hatsari, wanda ya duba shi a ƙasa da biyun da ke gaba, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da takardunsa suka cika. Wannan ba mantuwar mutum ɗaya ba ce. Akwai ofishin da ke rubuta wa zai tuƙa wane jirgi, akwai wanda ke riƙe da kuɗin horo. Ɗan sanda kuwa, kowa ya sani, ba ya ce wa na sama da shi a'a. Idan aka ce ga DIG zai je Jos gobe, wane ne zai miƙe ya ce ranka ya daɗe takardata ta mutu, a nemi wani?

Mu da muka tashi a harkar shanu mun san wannan yanayi sarai. A Kara ta Bukuru za ka ga an loda wa tirela shanu har ta durƙusa, a ɗora mutane a sama, direba ya san birkinsa ba shi da kyau, kuma ya san Hawan Kibo na gabansa. Amma masu kaya na tsaye a kansa, kasuwar Legas ba ta jira, idan ya ƙi akwai direba goma da za su karɓa. Sau casa'in da tara ya sauka lafiya, kowa ya ce gwani ne. Na ɗarin shi ne ake kira tsautsayi.

To me ya sa tashi da sauka suka fi zama lokacin hatsari ga wannan jirgi? Mutane da yawa suna ɗauka tunda shalkwafta tana iya tsayawa cak a sama kamar shirwa, ta fi jirgi mai fiffike aminci. Gaskiyar magana tsayawar nan ita ce aiki mafi wuya a wurinta. Lokacin da take ɗagawa daga ƙasa ba tare da gudu ba, farfelarta ce kaɗai ke ɗauke da nauyin komai, injin na aiki kusan iya ƙarfinsa. Sai ta fara tafiya gaba, ta kai gudun kamar kilomita 30 zuwa 45 a awa, sannan sabuwar iska ta fara shiga farfelar, nauyin ya ragu, injin ya samu sa'ida. Tsakanin ɗagawa da samun wannan gudu akwai 'yan daƙiƙu da jirgin ba shi da rarar ƙarfi ko kaɗan. Kamar tirela ce mai lodi a giya ta ɗaya a tsakiyar hawa.

Idan inji ya mutu a sama, jirgin ba ya faɗowa kamar dutse. Akwai dabara. Matuƙi zai sauke sandar da ke hannunsa na hagu nan take, jirgin ya fara gangarowa, iskar da ke bugowa daga ƙasa ta ci gaba da juya farfelar, kamar yadda fankar da aka kashe ke juyawa idan iska ta shigo ta taga. Da ya kusa ƙasa sai ya yi amfani da ƙarfin juyawar ya sauka a hankali. Sai dai dabarar tana buƙatar ɗayan biyu, ko nisa daga ƙasa ko gudu. Wanda ya ɗaga mita ashirin ko talatin a tsaye, bai yi nisa ba kuma bai yi gudu ba, ba shi da ko ɗaya. Kowane littafin jirgi yana da zanen da ke nuna wannan yanki da ake gargaɗin kada a daɗe a ciki. Manyan jirage masu inji biyu, irin Bell 427 ɗin, suna da sauƙi, amma su ma idan lodi ya yi yawa inji ɗaya ba lallai ya riƙe su ba.

Yanzu ka dubi inda muke sauke jiragen nan a ƙasarmu. Filin ƙwallo, filin makarantar firamare, filin Idi, harabar gidan gwamnati. Wurare ne da katanga ta kewaye, ga bishiyoyi, ga turakun sadarwa, ga wayoyin wuta da ido ba ya gani sai an zo kansu. Matuƙi ba shi da filin da zai yi ƙasa-ƙasa ya samu gudu kafin ya hau, dole ya miƙe sama a tsaye, wato ya ratsa ta cikin yankin da littafinsa ya ce ya guje shi.

Jos kuma tana da nata ƙarin. Garin yana sama da mita 1,200 daga matakin teku. A wannan tsayi iska ba ta da kauri kamar ta Legas ko Fatakwal, ta ragu da fiye da kashi 10 cikin 100, kuma zafi na ƙara sirantar da ita. Farfela na kama iska kaɗan, inji na shaƙar iska kaɗan. Jirgin da ya ɗauki mutum shida da cikakken tanki a Ikeja da sassafe ba tare da wahala ba, ka kawo shi Rayfield ko Heipang da tsakar ranar watan Maris, lissafin ya canza. Mu muna alfahari da sanyin Jos, amma ga matuƙi tudu tudu ne. Ba ina cewa wannan ne ya kayar da jirgin Kabong ba. Ina cewa irin wurin da ake son mutumin da horonsa ke sabo ne, wanda ya san samfurin jirgin kamar yunwar cikinsa.

Sai ƙura. Ranar 2 ga Fabrairun 2019 jirgin da ke ɗauke da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya kife yana sauka a filin wasa na Kabba a jihar Kogi. Iskar farfelarsa ce ta tayar da ƙurar rani ta rufe matuƙan, suka daina ganin ƙasa. Mutum 12 ne a ciki, Allah ya tsare duka. Da akwai wanda ya rasu a ranar, mako biyu kafin ranar da aka sa za a yi zaɓe, wallahi ban san inda ƙasar nan za ta kwana ba, kuma ba wanda zai yarda cewa ƙura ce.

Wani lokacin kuma laifin ba na matuƙi ba ne sam. Masu kallon ƙwallo za su tuna daren 27 ga Oktoban 2018, da Wilfred Ndidi ya farke wa Leicester ƙwallo a hannun West Ham ana dab da tashi, watanni kaɗan bayan ɗan garinmu Ahmed Musa ya bar kulob ɗin. Bayan wasan mai kulob ɗin, Vichai, ya shiga jirginsa a tsakiyar fili. Jirgin ya ɗaga mita ɗari da 'yan kai, ya fara juyawa kamar katantanwa, ya faɗo a wajen filin, mutum 5 suka mutu. Masu bincike na Ingila sun gano cewa wani ɗan ƙaramin boris ne a farfelar wutsiya ya ci ya maƙale. Ita wannan ƙaramar farfela ta baya ita ke hana jikin jirgin juyawa, da ta kuɓuce wa matuƙi, shi ke nan. Sun ce kusan ba abin da matuƙin zai iya yi. Abin lura, sun nuna wa duniya ƙarfen, sun faɗi sunansa, aka umarci masu irin jirgin ko'ina su duba nasu.

Mu dawo gida. Ranar 15 ga Disamban 2012, wata tara bayan Kabong, jirgin sojin ruwa ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Okoroba a jihar Bayelsa. Gwamnan Kaduna Patrick Yakowa da Janar Owoye Azazi suna ciki, mutum 6 suka rasu. Duk wanda ya san Kaduna ya san maganganun da suka biyo baya, har yau ba su mutu ba. Ranar 1 ga Disamban 2023 wani jirgin yaƙi na sojin sama ya faɗi a sansaninsu na Fatakwal shi ma daga tashi, mutum 5 da ke ciki suka tsira. Na soja kuwa, su ke binciken kansu, sakamakon ba kasafai yake fitowa fili ba. Za a ce an kafa kwamiti, daga nan shiru.

Batun horo shi ne inda na fi so a tsaya, don akwai sarƙaƙiya a ciki. Koyon tuƙa wannan jirgi shi kansa hatsari ne. Hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki lokaci guda, kowanne da nasa, kuma taɓa ɗaya na canza sauran. Ɗalibi a kwanakin farko ko tsayar da jirgin wuri ɗaya ba ya iyawa. Sannan dole a koya masa abin da zai yi idan inji ya mutu, kuma hanyar koyarwar ita ce malami ya rage wutar injin da gangan suna sama, ya ce to sauke mu. Malamin na zaune a gefe, hannunsa kusa da sanda. Idan ya karɓe da wuri ɗalibi bai koyi komai ba, idan ya yi jinkirin daƙiƙa biyu sun daki ƙasa. A Amurka sai da ƙananan jiragen koyo ƙirar Robinson suka yi ta faɗuwa, har a 1995 hukumar sufurin samansu ta kafa wa wannan samfuri dokar horo ta musamman, ta ɗalibi da ta malami. A nan ma mun gani. A Yulin 2014 hedikwatar tsaro ta sanar cewa wani jirgin Mi-35 ya faɗi kudu da Bama yana atisayen horo.

Saboda haka aka ƙirƙiro na'urar kwaikwayo. Ɗaki ne da aka ƙera kamar gaban jirgi sak, yana motsi, ga allo kewaye. A ciki za a kashe maka inji, a lalata maka farfelar wutsiya, a turo maka hazo, ka faɗi sau goma ka tashi ka sha shayi. Abubuwan da ba za a taɓa gwadawa a jirgin gaske ba, a nan ake gwada su. Dalilin da ya sa doka ta ce a riƙa komawa lokaci-lokaci ke nan, don hannu yana mantuwa. Idan rahoto ya ce wa'adin wannan horo ya wuce, ma'anarsa mutumin ya daɗe bai gwada ranar baƙin ciki ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Yawancin irin wannan horo a waje ake zuwa yin sa, da dala ake biya, ga kuɗin jirgi ga masauki. A 2012 dala ɗaya ba ta kai naira 170 ba, amma aka bar wa'adin matuƙin DIG ya wuce. Yau da dala ta haura naira dubu ɗaya da ɗaruruwa, kai ka ce me ke faruwa a ofisoshin da ba wanda ke leƙawa? Idan kuɗi suka yi kaɗan ba a fasa sayen mai, don ba mai ba tashi. Horo ake ɗagawa, don ba a ganin rashinsa sai ranar da aka buƙace shi.

Muna da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Zariya tun 1964, sojin sama kuma suna horar da matuƙan shalkwafta a Enugu. A 2023 aka ji cewa kwalejin Zariya ta sayar da jiragenta masu saukar ungulu guda biyu ƙirar Bell 206, har majalisar wakilai ta shiga bincike. Hujjar da aka bayar ita ce ba a amfani da su. Ni abin da ya fi ba ni haushi ke nan, fiye da batun farashin da aka yi ta cece-kuce a kai. Ƙasar da ke yaƙi da 'yan bindiga a dazukan Zamfara da Katsina da Neja, wadda ma'aikatan manta ke hawa shalkwafta kullum zuwa teku, a ce tana da jiragen koyo a ajiye a Zariya ba ɗalibi. Yaron Tudun Wada ko Sabon Gari da ke ganin jirage na shawagi a kansa tun yana firamare, in yana son wannan sana'a sai dai ubansa ya mallaki abin kai shi Afirka ta Kudu.

Wani zai ce, to mu da ke sayar da albasa a Mile 12 ko muke fama da shanu a Oko-Oba, ina ruwanmu? Ba mu taɓa hawa ba, ba kuma za mu hau ba. Ruwanmu biyu ne.

Na farko, mu ne a ƙasa. Jirgin Kabong a gidajen mutane ya sauka. Ranar 12 ga Agustan 2015 jirgin kamfanin Bristow ya faɗa ruwa a Oworonshoki, mutum 6 cikin 12 suka mutu, da ya ƙara 'yan mitoci da cikin unguwa ne. Ranar 28 ga Agustan 2020 wani ƙirar Bell 206 na kamfanin Quorum da ya taso daga Fatakwal ya faɗo tsakanin gidaje a Opebi, saura ƙiris ya isa filin jirgin Ikeja, mutum 3 da ke ciki suka rasu. Rahoton farko na AIB ya ce ba a samu mai a tankinsa ba, kuma takardar lafiyar matuƙin da ta gwajin ƙwarewarsa duk sun ƙare a cikin watan. Shekara takwas bayan Kabong, magana ɗaya. Agege kuwa maƙwabciyar filin jirgin Ikeja ce. Mutanenmu su ne masu gadi a ƙofar irin gidajen Opebi, su ne masu shayi da masu faci a bakin katanga, su ne ke kwana a rumfunan kwano da ba su da takardar haya. Doka ta wajabta wa kamfanonin jirage inshorar da ta haɗa da ɓarnar da aka yi wa na ƙasa. Amma mai gida mai lauya shi zai karɓa. Mai gadin da ba a rubuta sunansa ko'ina ba, sai dai a haɗa masa kuɗin mota a masallaci a kai gawarsa gida. Wannan aiki ne da ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanninmu su san da shi tun kafin ya faru, su san lauyan da za su kira, su kuma san cewa haƙƙi ne ba alfarma ba.

Na biyu ya fi tsanani. Jita-jita a Kudu kanmu take ƙarewa. Mun ga abin da ya faru a Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021 daga faɗan mutum biyu. Mun ga mafarauta 16 da aka ƙona a Uromi a Maris 2025 saboda wani ya yi ihun masu garkuwa ne. Ka ɗauka gobe jirgi ya faɗi da wani babban ɗan Kudu a wata jihar Arewa, aka wayi gari da saƙon murya cewa 'yan Arewa ne suka harbo shi. Wa zai fara biya? Ba mai rubuta jadawalin matuƙa a Abuja ba. Mai tura baro ne a Onitsha. Shekara biyar ɗin da rahoton Kabong ya ɗauka, a wurin ma'aikaci jinkiri ne kawai, a wurinmu fili ne da aka bar wa masu ƙirƙira. Shi ya sa nake roƙon 'yan uwa, mu ma kada mu zama masu tura irin saƙonnin nan idan abin ya faɗa kan namu. Wanda ka zarga ba hujja yau, gobe da irin wuƙar za a yanka ka.

Ba cewa nake ba a taɓa harbo jirgi ba. A inda ake yaƙi, kamar dazukan Shiroro da gaɓar tafkin Chadi, tambaya ce da ta halatta. Amma a tarihin da na jero, abin da ake tararwa idan an buɗe fayil ya fi kama da abin da muke gani a tasha kullum. Herbert Wigwe na bankin Access, da duk dukiyarsa, a Amurka ya rasu ranar 9 ga Fabrairun 2024, kuma hukumar binciken can ta ce matuƙin ya kutsa cikin mummunan yanayi da dare har ya rasa sama da ƙasa, kamfanin kuma bai sa ido yadda ya kamata ba. Nan ma sai da aka yi ta raɗe-raɗin hannun maƙiya.

Ghana ta ba mu misali. Cikin kusan wata uku, a Nuwamban 2025, kwamitinsu ya fito gaban jama'a ya ce iska mai dannowa ƙasa ce a kan tsaunuka cikin mummunan yanayi ta kayar da jirgin, ya kuma amsa cewa jirgin ba shi da wasu na'urorin gargaɗi na zamani. Jirgin soja ne fa, amma suka faɗa. A namu ɓangaren, a gaskiya NSIB ta fi da sauri yanzu. Jirgin da ya faɗa teku kusa da Bonny ranar 24 ga Oktoban 2024 da mutum 8, ba a daɗe ba ta fitar da rahoton farko, ta ce ba a sanya masa na'urar naɗar bayanan tafiya da doka ta tanada ba. Sai dai ita NSIB shawara take bayarwa, hukunci na hannun hukumar NCAA, kuma ƙarfin NCAA a kan kamfani ne. A kan masu kaki labari ya sha bamban.

Ranar 26 ga Janairun 2022, kusan shekara goma cif bayan Kabong, wani jirgin 'yan sanda ƙirar Bell 429 da ya taso daga Abuja ya yi hatsari da dare a filin jirgin Bauchi. Ba wanda ya mutu. AIB ta sanar da shi a matsayin hatsari, ta fara bincike. Kakakin rundunar na lokacin, Frank Mba, ya fito ya ce jirginsu bai yi hatsari ba, sauka ce aka yi cikin kulawa.